Saniya ta Goma Sha Biyu

In kana neman wanda zai gaya maka sunan yaron da ya yi fitsari a aji ɗaya shekara ashirin da suka wuce, da sunan uwarsa, da unguwar da suke, kar ka wahalar da kanka, nemi Malama Batula. Shekara ashirin da bakwai ke nan tana koyar da aji ɗaya a wata firamare da ke Tambuwal, kuma duk wanda ya bi ta hannunta yana nan daram a kanta. Ta sha tsayar da ƙaton mutum mai gemu a bakin kasuwa ta ce, "Kai ba Lauwali ba na, mai cin alli?" Sai ka ga mutum ya durƙusa yana dariya yana rufe fuska, 'ya'yansa na kallo.

To wannan kan ne fa jarrabawa ta kayar har sau biyu.

Jarrabawar ta shaidar ƙwarewa ce, wadda aka wayi gari aka ce dole kowane malami ya mallaka. Sakkwato ake zuwa a yi ta, a gaban kwamfuta, da Turanci. Turancin bai dame ta ba, ta sha shi a kwalejin horon malamai. Kwamfutar ma 'yarta Hamdiyya ta nuna mata inda ake latsawa. Haddar ce ta gagara: sunayen Turawan da suka mutu tun kafin a haifi kakarta, da shekarun da aka kafa dokoki, da matakin kaza kashi biyar, da nau'in kaza kashi bakwai. Sai ta karanta da safe, kafin azahar komai ya zube.

Wata Laraba hedimasta ya aiko a kira ta ofis. Hedimastan nan, Malam Gazali, yana cikin ajin farko da ta fara koyarwa. Ita ta riƙe hannunsa ya rubuta baƙin farko a rayuwarsa, ita ta sha share masa majina da gefen gyalenta. Shi ya sa da ta shigo ya miƙe tsaye ya ba ta kujerarsa, ya tsaya yana jujjuya wata takarda a hannu.

"Inna Malama," ya ce, "wallahi ba ni na rubuta ta ba."

"Karanta, Gazali. Ai ni na koya maka."

Ya karanta. Duk malamin da aka buɗe sabuwar shekarar karatu bai da wannan shaida, za a cire shi daga aji. Ba korar ta za a yi ba, saboda shekarunta na aiki. Za a dawo da ita ofis ne, ta riƙe makullin ɗakin ajiya, ta riƙa kaɗa ƙararrawa. Jarrabawa ta gaba saura mako bakwai, kuma ita ce ta ƙarshe kafin wa'adin.

Saura shekara takwas ta yi ritaya. Shekara takwas a gefen kabad, tana jiyo wani ta bango yana daka wa 'yan ajinta tsawa! Batula ta ji tsoro, irin tsoron da rabonta da shi tun ranar da aka fita da gawar mijinta. Amma ba a gaban Gazali za ta nuna ba. Ta miƙe ta ce masa ya gyara wuyan rigarsa, ta koma aji.

Da labari ya bazu, kowa a unguwa ya zama likitan ƙwaƙwalwa. Maƙwabciya ta ce zabibi ashirin da ɗaya kafin karin kumallo. Wata ta ce zuma da habbatus-sauda. Matar ladan ta kawo rubutu a gora. Wani malamin aji shida ya rantse cewa tsami ne ke cinye hadda, sai ga Batula ta bar kunun tsamiya, abin da take so fiye da nama. Zabibi kam ta ci har haƙorinta na gefe ya fara ciwo. Turawan nan ko gezau.

Ranar Asabar bayan la'asar suna zaune a zaure ita da Hamdiyya, wadda ke aikin jinya a Dogon Daji tana zuwa gida ƙarshen mako. Hamdiyya na karanto tambayoyi daga waya, uwar na amsawa daidai ɗaya, kuskure uku. Sai ga wani garke ana kora shi ta ƙofar gida. Batula ta bar maganar da take yi, ta bi wata saniya mai farin goshi da ido.

"Kai, wagga kamar Wule," ta ce, ba da kowa take ba. "Wule ɗiyar Saige ta fari ta. Kakarsu anka zo da ita daga Yelwa tana karsana, ƙahonta na hagu a karye."

"Wace Wule kuma, Inna?"

"Saniyar Baba. Ita ka shiga gaba in za su dawo gida."

Hamdiyya ta ajiye waya a cinya ta zuba wa uwar ido. "Inna, tsakaninki da Allah! Kin san kakar saniyar da ta mutu shekara arba'in, amma shekarar doka guda ɗaya ta gagare ki?"

Suka yi dariya har da hawaye. Amma maganar ta zauna wa Batula.

Ita fa ba 'yar gari ba ce. A bakin Kebbe aka haife ta, a gidan noma da kiwo, gero a gona, shanu a bayan gida. Fillanci ya bar gidansu tun zamanin kakanni, bai rage ko'ina ba sai a sunayen shanu. Kowace saniya da sunanta, da halinta, da wurinta a jeri in za su shigo gida da yamma, kuma ba mai tsallake wata. Batula ta ce a ranta, tunda shanun nan sun ƙi fita daga kaina, ai sai su yi aiki. Ta ɗauko littafin jarrabawa ta fara ɗora musu kaya.

Wule mai shiga gaba ta ɗauki matakan shirya darasi, tunda da su ake farawa. Baturen nan da ya koya wa kare zubar da yawu in ya ji ƙararrawa, ta ɗora shi a kan Saige, don Saige da ta ji Inna, uwar Batula, ta ƙwanƙwasa ƙwaryar tatsa sai nono ya fara ɗiga tun ba a taɓa ta ba. Matakai huɗu na girman hankalin yaro ta raba wa Ole da 'yarta da jikarta da tattaɓa-kunnenta. Shekarun dokoki kuwa ta rataya su a kunnen Guntuwa, mai tsaga uku. Washegari da ta idar da sallar asuba ta rufe ido ta koro su. Wallahi sai ga su sun shigo ɗaya bayan ɗaya, kowace da kayanta, ko tsinke bai faɗi ba. Ta rafka guɗa ita kaɗai a ɗaki, har Hamdiyya ta shigo da gudu.

Murnar ba ta yi mako ba. Saniya goma sha ɗaya ta samu. Ta goma sha ɗayan ita ce Goshi, kuma daga Goshi sai duhu. Ta san sarai akwai wata a bayan Goshi, ta san akwai wasu da yawa a bayan waccan, amma da yake a jeri ta san su, rashin ɗayar nan ya tare sauran duka. Ta koro su daga farko ya fi sau hamsin. Duk sanda ta zo wurin sai ƙirjinta ya yi nauyi, hankalinta ya zame ya tafi kan tuwon dare ko wankin da ba a kwashe ba. Ga rabin littafi a ƙasa ba mai ɗauka, ga mako biyar ya rage.

Mutum ɗaya ne ya rage a duniya da ya san garken nan: yayanta Maccido. Ranar Juma'a bayan an tashi makaranta ta shiga motar Kebbe, daga tasha ta hau kabu-kabu.

Gidan na nan inda yake, sai dai ya tsuke. Rumbu biyu sun rage cikin biyar. Garken kuwa babu: wasu ciwon huhu ya kwashe, wasu aka raba gado, ragowar ɓarayin daji suka kora a yini ɗaya shekara shida da suka wuce. Bijimai biyu na huɗa ne kawai ke ɗaure a gindin dogon yaro. Ta tarar da Maccido a inuwa yana tufka igiya, gemu ya yi fari fat. Aka gaisa, aka tambayi na gida, matarsa ta kawo fura, Batula ta sha ta ji ba irin ta da ba ce, nonon saye ne. Ba ta faɗa ba.

"Yaya," ta ce, "shanun Baba nawa ne?"

Ya ɗago a firgice. "A'uzubillahi! Boko ya gama da ke. Yaushe anka taɓa ƙirga shanu gidan ga? So kike albarka ta gudu?"

"Albarkar me kuma, tunda babu su?"

"Ko babu su ba a ƙirgawa."

Ta yi masa bayanin jarrabawa, da takardar Gazali, da kayan da take ɗora wa shanu. Ya yi dariya har ya shaƙe, wai Saige ce da Bature a doro, ai da ta kayar da shi a cikin ƙaya. Sannan ta fara jero su. Yana tufka yana gyaɗa kai, wani wurin ya gyara mata launi, wani wurin ya ce Allah sarki. Ta zo kan Goshi ta tsaya.

"Wa ka bin Goshi, Yaya?"

Hannunsa ya tsaya a kan igiya. Ya daɗe yana kallon ta.

"Ba'a kike ko da gaske?"

"Wallahi na manta."

"Nore ta," ya ce a hankali. "Nore ka bin Goshi."

Da sunan ya faɗo, komai ya biyo shi. Tana da shekara goma sha ɗaya, ƙarshen damina, ruwa ya fara janyewa daga fadama ya bar laka. Malaminsu ya ara mata wani littafin labarai mara bango, da sharaɗin ta dawo da shi washegari. Aka bar ta da garke da sanda. Ta zauna a gindin kanya ta buɗe littafi. Nore, ja mai farin ciki, tana da tsohon ciki, ta bi ɗanyar ciyawa ta shiga inda ba a shiga. An ce ta daɗe tana kuka. Batula ba ta ji ba. Sanda ta ɗago kai, laka ta kai wa saniyar ƙirji.

Mazan unguwa suka zo da igiyoyi da itatuwa, aka ja, aka ja, har rana ta yi ja. Da Baba ya ga numfashinta na tafiya, ya karɓi wuƙa ya shiga lakar har kugu, ya shafa mata wuya, ya kira sunanta, ya yanka ta da hannunsa. Bai doki Batula ba. Da ma ya doke ta! Kwana uku bai ce mata uffan ba. Rana ta huɗu ya ɗaura mata kayanta a zane ya sa ta a mota zuwa Tambuwal, wurin ƙanwarsa Goggo Fatsuma, wai ta ci gaba da makaranta a can. Tun daga ranar, in ta zo hutu ba ta zagayawa bayan gida, kuma ba wanda ya ƙara ambaton saniyar a gabanta.

"Kora ta ya yi," Batula ta ce, hawaye na sauka a kan gyalenta. "Baba ya mutu bai yafe min ba, Yaya. Kullum na zo sai in duba fuskarsa."

Maccido ya ajiye igiyar. Tsoho da shi, sai ga shi yana wasa da ƙasa da ɗan yatsa.

"Batula, wa ka kiwo ranar?"

"Ni."

"Ke ɗiya mace yaushe kike kiwo? Ni na. Ji niy yi ana su, ana kwasar kifi a tafkin gabas, nib ba ki sanda nit tafi. Da na dawo na ce ma Baba maraƙi ya ɓace na bi sawu." Ya share ƙasar da ya zana. "Ashe ya ji ƙarnin kifi ga rigata. Bai ce komai ba sai ranar da munka raka ki mota. Muna dawowa yac ce mani: kai ka bar su don kifi, ita ta bar su don takarda. Kifinka ya ƙare tun jiya. Bari mu ga inda takarda za ta kai ta. Da niyya tai in kin ƙare aji biyar ki zauna gida ki kama ma Inna tatsa. Ranar ya canza. Ba korar ki yay yi ba. Duk wanda ya zo daga Tambuwal sai ya tsare shi ya tambayi na nawa kinka zo."

Abin ya taso wa Batula tun daga ciki.

"Shekara arba'in, Yaya! Shekara arba'in kana kallo na ina zuwa gidan nan kamar baƙuwa, ba ka buɗe baki ba?"

"In na faɗa miki tasa, sai na faɗi tawa. Kunya nika ji."

Ta yi kuka sosai, kukan haushi da na kewar uba a haɗe, har matar Maccido ta leƙo ta koma. Shi kuwa ya sunkuyar da kai yana jiran hukunci. Can da ta gaji ta fyace hanci, ta dube shi da jajayen idanu.

"Kifin ma nawa ka kama?"

"Tarwaɗa biyu," ya ce. "Guda ma ƙarama."

Ta ɗauki takalminta ta jefe shi da shi, ya kauce, suka fashe da dariya su biyu kamar ba su ne ke da jikoki ba.

Da rana ta yi sanyi ya ce ta taso. Suka zagaya bayan gida, inda rabonta da takawa tun tana yarinya. Wurin da garke ke kwana yanzu kuɓewa ce da barkono, sun yi kore shar saboda tsohon taki. Maccido ya tsaya a tsakiya ya jero mata sauran: bayan Nore sai Fure, sai Kyauta wadda aka ba Inna ranar sunan Batula, sai Damana mai harbi, sai Laraba da tagwayenta, har zuwa tsohuwar Mai-kunne da ke zuwa ƙarshe tana ɗingishi. Kowace ya ambata sai Batula ta gan ta tsaye, har da ƙudan da ke bin idonta.

"Saura matsala guda," ta ce. "Kwamfutar nan ba ta bin jeri. Tambayar ƙarshen littafi sai ta zo farko. In sai na koro su daga Wule kowane karo, lokaci zai ƙare."

"Ke dai boko ya ɓata ki," in ji Maccido. "Inna in za ta tatsa, jeri take bi? Kira take, wadda anka kira ta fito."

Ya gyara tsayuwa, ya sa hannu a gefen baki, ya ja sunan Damana da irin muryar nan ta makiyaya mai tashi sama ta karye. Muryar Baba ce sak. Bijiman huɗa da ke gindin dogon yaro suka ɗago kai suka yi kuka. Batula ta ji tsigar jikinta ta tashi. Ta tsaya a cikin kuɓewa tana kewar mutanen da suka tafi, da ƙamshin hayaƙin da ake turawa don sauro, da ɗumin nono a ƙwarya.

Ta koma Tambuwal ta raba sauran littafin. Damana mai harbi ta ɗauki hukuncin malamin da ya saɓa ƙa'idar aiki, ai ta dace. Laraba da tagwayenta suka ɗauki nau'o'in gwaji uku. Hamdiyya ta riƙa bugo waya daga wurin aiki a lokacin hutunta, ta jefo tambaya daga ko'ina, uwar ta kira mai kayan. Wani lokaci saniyar ta fito da gudu, wani lokaci ta tsaya taurin kai sai an kira sau uku. Zabibi kuwa aka ba jikokin maƙwabta, kunun tsamiya ya dawo gidan. Nore kaɗai Batula ba ta ɗora wa komai ba. Ta ɗauko wani babi za ta aza mata, ta ji ba za ta iya ba. Ta bar ta tana tafiya a wurinta, tsakanin Goshi da Fure, bayanta wayam.

Ranar jarrabawa ta isa Sakkwato da hantsi. Ɗaki ne dogo mai kwamfutoci jere, fanka na juyawa, yawancin masu zaman sa'o'in 'yarta ne. Wata budurwa mai lura da ɗakin ta kai ta kujerarta ta ce, "Hajiya, in kin rikice ki ɗaga hannu." Batula ta yi bisimilla ta latsa.

Tambayar farko ba saniyar da ke ɗauke da ita. Ta biyu ma haka. Gumi ya karyo mata, ta ji tsohon duhun nan na tahowa, irin wanda ya cinye ta a zuwa biyun farko. Ta rufe ido ta ja numfashi. Ta uku ta buɗe, sai ga kare da ƙararrawa. A ranta ta ƙwanƙwasa ƙwarya, Saige ta keto garke ta fito da Baturenta a doro, sunansa raɗau. Daga nan hanya ta buɗe. Ta kira Ole da zuriyarta, ta kira Guntuwa ta duba kunne, ta kira Damana. Inda ba mai kayan ta yi amfani da shekara ashirin da bakwai na tsayuwa gaban allo, ta zaɓi abin da hankali zai ɗauka. Wasu ta san ta faɗi. Kyauta ma, 'yar gidan, ta zo da kayanta a juye, sai da ta wuce ta gane. Leɓenta na motsi har budurwar nan ta zo ta tsaya a kanta tana duba ko da wani take magana.

Saura minti biyu ta latsa na ƙarshe. Allon ya yi fari, ya yi ta juya wani ɗan da'ira kamar ba zai daina ba. Maki hamsin ake nema. Lamba ta fito, amma idonta ya cika da ruwa, ta kasa rabe ta. Ta ɗaga hannu.

"Ɗiyata, karanta min."

Budurwar ta duƙa. "Hamsin da takwas, Hajiya. Kin ci."

Batula ba ta yi guɗa ba, ba ta tashi ba. Ajinta ya tsira, ta sani, ranar da aka buɗe makaranta ita za ta tsaya a bakin ƙofa ta karɓi masu kuka daga hannun iyayensu. Ta yi hamdala a hankali sau uku. Sai da ɗaki ya kusa watsewa sannan ta lallaɓa ta fita.

A waje, a inuwar wani bango, ta ciro waya. Hamdiyya na jira, Gazali ma ta san tun safe bai zauna ba. Amma lambar Kebbe ta fara nema. Ta daɗe tana ƙara kafin a ɗauka, Maccido bai taɓa sanin inda yake ajiye wayarsa ba.

"Yaya, na ci."

"Alhamdu lillahi! Alhamdu lillahi!" Ya yi ta maimaitawa yana gaya wa matarsa daga nesa. Sannan muryarsa ta sauka, ya yi tambayar da ake yi wa duk wanda ya dawo daga kiwo. "To, sun dawo duka?"

Batula ta jingina da bango.

"Duka, Yaya," ta ce. "Har da Nore."

Ta riƙe wayar a kunne tana jin tsohon yana kuka a can Kebbe, ita ma ba ta kashe ba.